Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga matasa masu shirya fim a Kaduna kan yabon da ake yi wa Black Panther

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena da 'ya'yana masu harkar fim a wannan gari, daraktoci da marubuta labari da masu ɗaukar hoto da editoci, har da ku masu sharhin finafinai a rediyo da Facebook, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, Allah ya yi wa sana'arku albarka, amin.

Dalilin wannan takarda shi ne wata magana da ta daɗe tana yawo a bakinku. Duk inda aka zauna ana zancen ci gaban fim ɗin Hausa, ba a tashi sai wani ya ce mu ma sai mun yi namu Wakanda, wato ƙasar Afirka ta ƙirƙira mai ci gaba da aka nuna a fim ɗin Black Panther. Wasu kuma su ce tun da ake fim ba a taɓa ɗaga darajar Afirka kamar yadda Black Panther ya yi ba. Shekaru sun wuce tun fitowarsa, amma har yau shi ne ma'aunin da da yawa daga cikinku ke ɗauka. Ni mai son fim ɗin ne, na kalle shi na kuma kallo, kuma saboda ina sonsa nake ganin ya kamata a raba yabon gida biyu. Akwai yabon da ya ci da guminsa, wannan ba mai ƙwace masa. Akwai kuma wanda mu muka ɗora masa don murna, alhali bai yi aikin da zai ci shi ba. Tsorona kada ku gina sana'arku a kan na biyun ku bar na farkon.

Wanda ya ce fim ɗin bai yi tashe ba ya so zuciyarsa. Ya fito a Amurka ranar 16 ga Fabrairun 2018, an kashe masa kusan dala miliyan 200, ya kuma tara sama da dala biliyan 1.3 a duniya. A bikin Oscar na 2019 an sa shi takara a rukuni bakwai, ya ci uku, na sutura da na tsara wuraren ɗauka da na kiɗa. Shi ne fim na farko daga cikin finafinan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam da ya shiga takarar gwarzon fim na shekara. Da Saudiyya ta sake buɗe sinima a Riyad a Afrilun 2018, bayan shekara talatin da wani abu a rufe, shi aka fara haskawa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ku lura da kyaututtukan nan uku da kyau, domin su ne suka nuna inda ƙarfin fim ɗin yake. Ba a ba shi kyautar rubutun labari ba, ba a ma sa shi takararta ba.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da suturar. Ruth Carter, wadda ta tsara kayan da 'yan wasan suka sa, ba ta shiga kasuwa ta kwaso atamfa ta ce ga Afirka ba. Ta zauna ta yi bincike kan al'ummu ɗaya bayan ɗaya. Bargunan da masu tsaron iyakar Wakanda ke yafawa daga mutanen Lesotho aka ɗauko su. Zobban wuyan mayaƙa mata daga Ndebele ne, jan kayansu da duwatsun ado kuma daga Masai na Kenya da Tanzaniya. Faffaɗar hular uwar sarki irin ta matan auren Zulu ce. Ƙabilar fatake kuwa an yi musu shiga irin ta Buzaye, da rawani da baƙin shuɗi, abin da duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Agadas ko ya ga Abzinawa a Kano zai gane nan take. Da wannan aiki ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Oscar a fannin sutura, ta kuma sake ci da kashi na biyu na fim ɗin wanda ya fito a 2022. Hannah Beachler, mai tsara birnin, ta sa dogayen benaye masu itatuwa a jikin bango irin na masallatan Tumbutu da Jenne, ta ɗauki wasu alamomin rubutu daga Nsibidi na kudu maso gabashin Najeriya.

Kiɗan ma haka. Ludwig Göransson, wanda ya tsara kiɗan, mutumin Suwidin ne, amma bai zauna a ɗakin naɗar sauti a Amurka ya ƙirƙiro abin da yake zaton shi ne kiɗan Afirka ba. Ya tafi Senegal ya bi mawaƙin ƙasar, Baaba Maal, yawon wasa, ya saurari makaɗa, ya naɗi sautinsu. Muryar da kuke ji lokacin da jirgi ke shiga Wakanda ta Baaba Maal ce, da Fulatanci yake waƙar. Gangar da ke rakiyar sarki T'Challa ita ce tama, 'yar'uwar kalangunmu, sarewar da ke bin Killmonger, abokin gabar sarkin, kuma ta Fulani ce. Idan Bahaushe ko Bafulatani ya ji tsigar jikinsa ta tashi a wurin nan, ba banza ba ne, kunnensa ne ya ji sautin gida.

Sai 'yan wasa. Chadwick Boseman ya riƙe sarautar nan da natsuwa da kwarjini, ba hayaniya, kuma sai bayan rasuwarsa a ranar 28 ga Agustan 2020, yana ɗan shekara 43, duniya ta san cewa tun 2016 yake fama da ciwon daji na hanji, wato da ciwon a jikinsa ya yi wannan aiki. Shi ya tsaya a kan sarkin Wakanda ya yi magana da harshen Afirka a bakinsa, aka kuma ɗauki yaren Xhosa na Afirka ta Kudu, yaren John Kani da ya fito a matsayin mahaifinsa. Matan fim ɗin ba ado aka ajiye su ba. Shugabar mayaƙa mace ce, mai ƙera duk na'urorin ƙasar yarinya ce, ƙanwar sarki. Na ga yara mata a makarantar da nake koyarwa sun fara tambayar yadda ake zama injiniya bayan sun kalli yarinyar nan, kuma ba zan raina wannan ba har abada.

Ina kuma girmama murnar baƙaƙen fatar Amurka. Mutanen da aka kwashi kakanninsu a jiragen ruwa, aka raba su da sunansu da yarensu, aka shekara ɗari ana nuna su a fim a matsayin bayi da barori da 'yan daba, ranar da suka ga baƙin darakta, Ryan Coogler, ya riƙe kuɗi masu yawa haka ya cika allo da baƙaƙen fata masu mulki da ilimi, dole su yi kuka don daɗi. Wannan murna tasu ce, sun biya kuɗinta da tarihi mai ɗaci. Abin da nake tambaya shi ne ko mu da muke zaune a Afirkar, muke shan ruwanta muke binne matattunmu a cikinta, ya dace mu ari murnar nan yadda take ba tare da mun duba abin da fim ɗin ya ce game da mu ba.

To me ya ce game da mu? Ku koma farkon fim ɗin. Wakanda ƙasa ce ta ƙirƙira, babu ita a taswira. Amma akwai wuri ɗaya na gaske a nahiyar nan da aka rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a allo aka yi wasa a cikinsa, shi ne dajin Sambisa a Najeriya. Dare ne, ayarin motoci na tafe ɗauke da mata da aka sato sanye da lulluɓi, 'yan bindiga na gadinsu. Sarki ya diro daga jirgi ya kashe motocin ya karkashe mutanen, ɗaya daga cikinsu ya ɗora wa wata mata bindiga yana rantsuwa da wallahi zai harbe ta, shugabar mayaƙa ta soke shi da mashi. Ba don matan aka zo ba. An zo ne a ɗauki Nakiya, 'yar leƙen asirin Wakanda da ta saje da su, domin ta halarci bikin naɗin sarauta. Aka gargaɗi matan kada su faɗa wa kowa abin da suka gani, jirgi ya tashi, aka bar su a daji cikin dare. Labarin bai sake waiwayarsu ba.

Ba na cewa ƙarya aka yi mana. An sace 'yan mata 276 a Chibok a daren 14 ga Afrilun 2014, duniya duk ta sani. Kwana uku bayan fitowar fim ɗin a Amurka, ranar 19 ga Fabrairun 2018, aka kwashe 'yan mata sama da ɗari a Dapchi ta jihar Yobe. Mu nan Kaduna ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da ya faru a Afaka a 2021, da jirgin ƙasa a Maris ɗin 2022, da Kuriga a 2024. Akwai ma wani abu mai kyau a fitowar, inda Nakiya ta hana a kashe wani yaro daga cikin 'yan bindigar, ta ce shi ma sato shi aka yi. Wannan fahimta ce ta gaskiya, wadda da yawa daga cikin masu ba da labarinmu a waje ba su kai gare ta ba. Amma ku auna abin baki ɗaya. A fim ɗin da ake cewa ya wanke Afirka daga kallon raini, yankinmu ya samu 'yan mintoci ne kawai, kuma a cikinsu mu ne ɓarayin mutane, mu ne waɗanda aka sace. Baƙin cikin da ya fi kowanne ci mana rai an mai da shi wurin da jarumi zai gwada sabuwar rigarsa ya kuma daskare don ya ga tsohuwar budurwarsa, har a yi masa dariya. Uwar da 'yarta ke daji har yau, in ta kalli wurin nan, me za ta gani na ɗaga daraja? Kuma Musulunci da ya shiga Kanem tun ƙarni na 11, ya kafu a Kano a ƙarni na 14, ya cika Tumbutu da littattafai, a nan kaɗai aka ji ƙamshinsa, a bakin mai riƙe da bindiga. An ari ginin masallatan Mali an ƙawata birni, an ari rawanin Buzaye, amma masu ginin da masu rawanin ba su samu murya ba.

Abu na biyu shi ne yadda aka yi da Killmonger, wanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsa. Shi ne bos ɗin fim ɗin, kuma shi ne mafi kyawun abin da aka rubuta a cikinsa. Fitowarsa a gidan tarihi na Landan, inda yake tambayar ma'aikaciyar wurin yadda kakanninta suka samu kayan da ke cikin gilashi, ko saye suka yi ko ƙwace, ta fi duk faɗace-faɗacen fim ɗin ƙarfi. Maganar ta taɓa gaskiya. A 1897 sojojin Ingila suka ƙone birnin Benin suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa, kuma sai a Disambar 2022 Jamus ta dawo da rukunin farko na waɗanda ke hannunta. Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza, aka kuma sa musu sunan ƙauyen Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba a jihar nan, sun haura shekara 2,000, kuma masu yawa daga cikinsu an yi fasa-ƙwaurinsu zuwa gidajen attajiran Turai. Tambayar da Killmonger ya yi wa Wakanda ita ma mai nauyi ce: kuna da wannan ƙarfi duka, ina kuke lokacin da ake kwasar mutane ana sayarwa, ina kuke lokacin da Turawa suka raba nahiyar?

Fim ɗin ya yi tambayar, amma bai yarda a yi muhawara a kanta da gaske ba. Da ya ga hujjar mutumin ta fi ta sarki ƙarfi, sai ya ɓata shi ta wata hanya. Aka sa ya harbe budurwarsa ba tare da ko ɗar ba, aka sa ya shaƙe wata dattijuwa ya ɗaga ta sama, aka sa ya ƙone gonar tsiron da sarakuna ke sha. Daga nan mai kallo ba ya buƙatar ya amsa maganarsa, tunda an riga an nuna masa mahaukaci ne. Wannan dabara ce ta marubucin da ya ji tsoron abin da ya tono. Ku marubutanmu ku kula da ita, domin mu ma muna yinta. Sau nawa a finafinanmu ake sa matar da ke da gaskiya a rikicin gida ta je wurin boka, don kawai a samu hanyar kayar da ita ba tare da an saurari kukanta ba?

Wanda kuma aka ba aikin harbo jiragen da ke ɗauke da makaman Wakanda, aka mai da shi abokin arziki mai ban dariya, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ne, CIA. Duk ɗalibin tarihin Afirka ya san abin da sunan nan ke nufi. Kwamitin majalisar dattawan Amurka da kansa ya bayyana a 1975 cewa hukumar ta shirya kashe Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, da guba, mutumin da aka kashe a Janairun 1961. Kwangon nan kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa kama da Wakanda ta fuskar arzikin ƙasa. Daga mahaƙarta ta Shinkolobwe aka samu mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta yi bam ɗin nukiliyarta na farko da shi, kuma yau ita ke fitar da mafi yawan kobal ɗin da ake batirin waya da na mota da shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit, har yau ƙauyukansu da yawa ba lantarki. Fim ɗin da ya ɗauki ma'adini ya mai da shi tushen labarinsa, sannan ya sa ɗan CIA cikin masu ceton ƙasar, ya zaɓi ya kwantar wa wasu hankali ne, kuma ba mu ba ne. A ƙarshe ma da sarki ya yanke shawarar buɗe ƙasarsa ga duniya, cibiyar taimako ta farko da aka nuna a Oakland take, a Kalifoniya. Dajin da aka baro matan nan, wanda ya fi kusa, ba a sake ambatarsa ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ba zan daɗe a kansu ba. Ƙasar da ta fi kowa ilimin kimiyya a duniya, amma ana zaɓen shugabanta da kokawa a bakin magangarar ruwa, wanda ya kayar ya hau gado ko da jiya ya iso garin. Mu da muka san masu zaɓen sarki, muka san Waziri da Galadima da Madaki da Limami da irin shawarar da ake yi kafin a naɗa rawani, ya kamata mu ga cewa wannan ba daga Afirka aka ɗauko shi ba, daga tsohon tunanin Turawa game da Afirka ne. Ba mamaki, domin asalin labarin wasu Amurkawa biyu ne, Stan Lee da Jack Kirby, suka ƙirƙire shi a littafin zane a 1966. Faɗan ƙarshe kuma, tsakanin mutum biyu masu riga iri ɗaya a kan layin dogo cikin duhu, da karkanda masu sulke a waje, siddabarun kwamfuta ne da bai nuna ba. Ko masoyan fim ɗin sun yarda nan ne ya fi rauni.

Game da kuɗi, ku sani cewa kusan duk wasan a Atlanta ta Amurka aka ɗauke shi, sai tseren motoci a Busan ta Koriya ta Kudu. Daga Afirka hotunan tsaunuka da dazuzzuka kawai aka ɗauko daga sama. Kamfanin Marvel da ya shirya fim ɗin kuma mallakar Disney ne tun 2009, don haka ribar can ta tafi. Ba laifi ba ne, kasuwanci suke yi, kuma Black Panther shi ne na 18 a jerin finafinan da suke sayarwa ɗaya na jan ɗaya. Amma a kira shi da sunansa: fim ɗin Amurka ne mai kyau, wanda baƙaƙen Amurka suka yi a kan ciwon da ke ransu da kewar gidan da ba su sani ba. Wannan babban abu ne. Fim ɗin Afirka kuwa wani abu ne dabam.

Na san wani zai ce, Malam, ai fim ne kawai, na nishaɗi, me ya sa za a ɗora masa nauyin Lumumba da Chibok? Na yarda da rabin maganar. Da an bar shi a matsayin nishaɗi, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma ba a bar shi a nan ba. Masu tallarsa da masu yabonsa su suka ce juyin juya hali ne, su suka ce a kai yara su ga kansu. Kuma fim ɗin da kansa ya rubuta Sambisa a allo, shi ya kawo zancen bauta da kayan sata. Wanda ya karɓi yabo a kan manyan maganganu dole ya yarda a auna shi da su.

Yanzu ga abin da nake roƙonku, wanda shi ne ainihin dalilin takardar. Idan kun ce za ku yi namu Wakanda, me kuke nufi? In kuna nufin mutum mai tashi sama da riga mai walƙiya da wuta na fita daga hannu, to kun ɗauki ɓangaren da ya fi tsada kuma ya fi rauni. Dala miliyan 200 ba ta hana faɗan ƙarshen nan zama abin kunya ba, balle kuɗin da furodusa ke tarawa a garin nan. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɓangaren da ya ci kyaututtuka kuwa, wato bincike da sutura da gini da kiɗa, shi ne wanda kuka fi Ruth Carter kusa da shi nesa ba kusa ba. Ita sai da ta tara littattafai da hotuna ta aika mutane ƙasashe. Ku kuɗin mota zuwa Zariya kawai kuke buƙata ku tsaya cikin tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ku ɗaga kai ku ga bakan gizon da aka ɗaure da azara da ƙasa. Masu ɗinkin aska takwas suna nan cikin birni da allurarsu. Ganuwar da ake danganta wa Sarauniya Amina ba ta gama rushewa ba. Masu kakaki da algaita da tambari suna fada, masu goge da gurmi da kalangu suna nan kuna wuce su kuna sa kiɗan fiyano iri ɗaya a kowane fim. Ku gangara kudu ku ga bikin Afan a Kagoro ranar ɗaya ga Janairu, ku ga duwatsun Kajuru da ruwan Matsirga kusa da Kafanchan. Gidan Arewa yana kan titin Rabah, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana cikin garin nan, gidan tarihi yana kan titin Ali Akilu da kayan Nok a ciki. Mutum nawa daga cikinku suka taɓa kwana biyu a ɗaya daga cikin wuraren nan kafin su rubuta labarin sarauta? Me ya sa har yau sarkin shekara ɗari uku da suka wuce ke fitowa a fim ɗinmu da shaddar kanti da takalmin roba?

Jarumai ma ba sai kun ƙirƙiro ba. Ga Nana Asma'u da jajis ɗinta masu malfa, suna bin ƙauyuka a ƙafa suna karantar da mata. Ga Sarkin Musulmi Attahiru da abin da ya faru a Burmi a 1903. Ga Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mawaƙi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lokoja. Ga Hajiya Gambo Sawaba da aka ɗaure sau da dama ba ta sauya ba. Ga ma'aikatan masaƙun Kakuri, tun daga buɗe ta farko a 1957 har zuwa ranar da ƙofofi suka rufe aka bar dubban magidanta a titi, labarin da kowane gida a kudancin garin nan ke da guntunsa kuma ba wanda ya ɗauke shi yadda ya kamata.

Abin da ya fi wuya shi ne ku yi abin da Black Panther ya fara ya kasa ƙarasawa, wato ku bar mai hujja ya faɗi hujjarsa har ƙarshe. Tambayar Killmonger tana da 'yar'uwa a gidanmu. Bauta ba ta teku kaɗai aka yi ba, an yi ta Sahara, an kuma kai hare-haren kamun bayi daga masarautunmu zuwa ƙasashen da yau suke kudancin jihar nan, kuma ciwon bai gama warkewa ba, yana cikin abubuwan da ke tashi duk lokacin da garin nan ya rikice. Magabatanku ba su ji tsoron batun ba. Adamu Halilu ya ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mai da shi fim a 1976, labarin yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har hamada, da Hausa tsantsa. Garin nan ne kuma ya raini wasan kwaikwayon rediyo da talabijin na Arewa, inda su marigayi Kasimu Yero da Samanja suka riƙe jama'a shekara da shekaru ba tare da siddabarun kwamfuta ba, sai magana mai ma'ana da sanin halin mutane. A kan wannan gado kuke zaune.

Labarin matan da aka baro a daji kuma ku ne za ku ba da shi, domin ba wanda zai zo daga Atlanta ya yi. Me ya faru da gari ya waye? Wa ya karɓe su, wa ya ƙi su, yaya aka yi da wadda ta dawo da goyo, yaya aka yi da yaron da aka tilasta wa riƙe bindiga ranar da ya shiga unguwarsu? Akwai iyalai a jihar nan da suka sayar da gona da gida don su fanso 'ya'yansu. Ku je musu da ladabi, ku nemi izini, ku saurara fiye da yadda za ku yi magana, kada ku sa sunan kowa ko fuskarsa ba da yardarsa ba. Irin wannan fim ba ya buƙatar jirgi ko sulke, yana buƙatar marubucin da aka ba wata shida da abin da zai ci, maimakon sati biyu. Ina roƙon furodusoshi su fara cire kuɗin marubuci da na mai bincike kafin na kowa, su kuma nemi malaman tarihi da na wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna su duba labari kafin a fita lokeshan.

Ku kuma masu sharhi, in za ku sake zama a kan wannan fim a shirye-shiryenku, ku haska wa masu sauraro fitowar Sambisa da ta gidan tarihin Landan a jere, ku buɗe layi mutanen Rigasa da Kawo da Sabon Tasha su faɗi abin da suka gani. Ku gayyato maɗinki ɗaya da makaɗi ɗaya su yi bayanin abin da suka gane a suturar da kiɗan. In kun shirya irin wannan zama, ku sanar a rediyo, zan zo da ɗalibaina in Allah ya yarda.

Allah ya ƙara basira, ya tsare ku a hanyoyin da kuke bi wajen aiki.

Wassalam.

Naku,
wani malamin makaranta mai son fim,
Tudun Wada, Kaduna.